Gargaɗi: Ruwan Saman Duwatsu Yana Neman Fin Ƙarfin Madatsunmu

Jama'a, ku saurara. Idan gidanku ko gonarku na ƙasa da madatsar ruwa, da ku ake wannan magana. Kada ku jira sai ruwa ya taɓa dokin ƙofa.

Kowace madatsa a kan lissafi aka gina ta. Kafin a zuba ƙasa ko siminti, sai injiniyoyi sun amsa tambaya ɗaya: wane ne ruwan sama mafi yawa da zai iya sauka a yankin nan cikin kwana ɗaya, ko kwana uku a jere? Amsar ce ke yanke tsayin bangon madatsa da faɗin mafitar da rarar ruwa zai bi. In lissafin ya gaza, ruwa zai haura bango. Madatsar da aka yi da ƙasa kuwa, da zarar ruwa ya bi ta kanta, cinye ta yake yi. Cikin sa'o'i kaɗan sai ta ɓalle.

To, yaushe aka yi wa madatsunmu wannan lissafi? Tiga tun 1974 take tsaye. Lagdo ta Kamaru tun 1982. Alau an kammala ta a 1986. Da bayanan daminar wancan zamani aka auna su. Shin daminar yau ita ce ta wancan zamani? Ba ita ba ce. Binciken da masana suka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa hadari mai tsananin ƙarfi a yankin Sahel ya ninka sau uku daga 1982. Zafi na ƙaruwa, iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar danshi. Abin da ta ɗauka, a kanmu za ta sauke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duwatsu. Idan iska mai danshi ta ci karo da dutse, sama take hawa, ta yi sanyi, ta juye ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gangare ba ya riƙe ruwa. Nan take yake turo shi kwari, musamman inda aka sare itatuwa. Kogin Kaduna da kogin Gongola daga tsaunukan Jos suke gangarowa, ɗaya ya shiga madatsar Shiroro, ɗaya ya shiga ta Dadin Kowa. Kogin Yedzaram, wanda ruwansa ke ciyar da kogin Ngadda har Alau, daga duwatsun Mandara yake tasowa. Amma ina ma'aunan ruwan samanmu suke? Galibinsu a filayen jirgin sama da cikin birane. Wa ke auna abin da ke zuba a can saman dutse da tsakar dare? Ana iya kwana babu ko yayyafi a garinku, alhali ruwan da zai ci garin ya riga ya kamo hanya.

Mun ga abin da wannan ke haifarwa. A Satumban 2023 guguwar Daniyel ta juye sama da milimita 400 cikin kwana ɗaya a tsaunukan gabashin Libiya. Madatsu biyu suka ɓalle a saman birnin Darna cikin dare. Dubban mutane suka rasu, ruwa ya kwashe unguwanni ya zuba a teku. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 10 ga Satumba 2024, Alau ta ɓalle. Mutanen Maiduguri suka farka cikin ruwa. Unguwar Gwange, Kasuwar Monde, fadar Shehu, asibitin koyarwa, duk ruwa ya shiga. Dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Kuma ba karon farko ba ne, an yi a 1994. Bagauda ma ta ɓalle a Kano a 1988. Gargaɗi nawa muke jira?

Hukumomi, ku sake lissafin nan yanzu, tun kafin damina ta yi nisa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwa ta NIHSA da hukumomin raya koguna su zauna wuri ɗaya. A kafa ma'aunai a saman duwatsu, masu aiko da bayani kai tsaye. A haɗa da na tauraron ɗan'adam. A auna lakar da ta cike cikin madatsu, domin madatsar da laka ta cinye cikinta ba ta ɗaukar ruwan da takarda ta ce tana ɗauka. A gwada ƙofofi. Inda mafita ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa ta. Sannan a gaya wa mutane gaskiya: wace unguwa ruwa zai fara ci, cikin awa nawa?

Ku kuma mazauna, kun san tudun da za ku nufa? Kun san hanyar da ba ta bi ta gada ko kwari? Wa zai ɗauki tsofaffi da ƙananan yara? Ku yanke wannan yau. Ku haɗa takardu da magunguna a leda ɗaya. Ku bar rediyo a kunne. Idan kun ga tsagewa a jikin madatsa, ko ruwa mai laka yana tsattsafowa ta ƙarƙashinta, ku sanar da mai unguwa da hukuma nan take. Idan kogi ya tashi alhali ba a yi ruwa a garinku ba, ku tashi ku ma.

In an ce ku fita, ku fita a lokacin. Kada ku koma ɗaukar kaya. Kada ku tsallaka ruwa mai gudu. Ku isar da wannan saƙo a masallaci da kasuwa da majalisa, yau ɗin nan.