Uwargida, Kada Gansakuka Ta Cinye Miki Jari

Ke uwargida da kika gina ɗan kandami na siminti a bayan ɗaki, kika zuba kifi, kina kuma ɗibar ruwansa kina ba alayyafo da tumatir, yau zancen naki ne. Da zarar bazara ta kama, watau daga watan Maris zuwa Mayu, sai ki ga ruwan da kika bari garau ya koma kore shar kamar miyar kuka. Gansakuka ke nan.

Ita ma tsiro ce, kuma abu biyu take so: hasken rana da taki. Takin nan kuwa ke kike ba ta, ba ki sani ba. Kashin kifi, da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe, da ganyen darbejiya ko na mangwaro da ke faɗawa ciki, da ruwan wanke-wanke da ke gangarowa, duk taki ne a gare ta.

Ɗan kore kaɗan ba laifi ba ne, karfasa ma tana cinsa. Inda matsala take shi ne in ta yi kauri. Da rana gansakuka tana sakin iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, amma da dare sai ta koma tana zuƙe ta. Ga shi kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Saboda haka da asuba iskar ta fi ƙaranci, lokacin ne za ki tarar da kifinki sun taru a sama suna buɗe baki, wasu ma sun juya ciki. Tarwaɗa ta fi juriya, domin tana iya leƙowa ta shaƙi iskar waje, amma ita ma a gurɓataccen ruwa takan rage ci, girmanta ya tsaya.

Yaya za ki gane abin ya yi yawa? Tsoma hannunki har gwiwar hannu. In tafin ya ɓace miki tun kafin ruwa ya kai gwiwar, to lalle ki tashi tsaye.

Da farko ki yi inuwa. Rumfar zana da ta rufe rabin kandamin ta isa. Kainuwa ma tana taimako, gama tana tare rana, tana kuma shanye takin, sai dai ki riƙa rage ta kada ta rufe ruwan duka.

Sa'an nan ki kula da abinci. Zuba abin da za su cinye cikin minti 10, in ya yi saura gobe ki rage. Ganye da zaren gansakuka kuwa a kwashe da raga ko tsohon kwando kowace safiya.

Ko wane mako ki kwashe kamar kashi 1 cikin 3 na ruwan, daga ƙasa inda dauɗa ta kwanta, ki ƙara sabo. Tsohon kada ki zubar a kwata, ki kai wa shukarki, taki ne na kyauta. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe tukuna, don maganin da aka sa masa ya fita.

Kada wata maƙwabciya ta ce ki zuba bilic ko garin sabulu. Su kan haɗa da kifin su kashe. Ko maganin gansakuka na kanti, in ya kashe ta gaba ɗaya, sai ta ruɓe ta cinye sauran iskar. In kuwa kin ga wani kumfa ya kwanta a sama kamar an zuba koren fenti yana wari, wannan iri yakan zama da dafi. Hana awaki da kaji sha, yara kuma kada su taɓa.

Gobe in kin idar da sallar asuba, ki ɗauki fitila ki leƙa kandamin nan. Kifin da kansu za su gaya miki halin da suke ciki. Allah ya sa albarka a sana'a, amin.