Haɗa jakar hajji: kilo ma kuɗi ne

A ƙungiyoyinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan akwai matan da suke zuba adashi shekara da shekaru da niyyar sauke farali, wasu kuma sun shiga shirin adashin gata na Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka fara a 2020. Idan kujera ta samu, sai hankali ya koma kan walima da bankwana, a bar jaka sai daren tafiya. To a jakar nan nake ganin kuɗin mata yana zubewa, shi ya sa na ware mata wannan babi.

Jirgi ba motar kasuwa ba ce da za ki roƙi direba ya ɗaure miki buhu a sama. Komai sai an ɗora shi a sikeli. Jakar hannu kilo 8 ce. Babbar jaka an daɗe ana ba ta kilo 32, amma tsarin yakan canza, don haka ki saurari abin da jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku zai faɗa a wurin bita, ki sa a rubuta miki. Don ki gane nauyin, jakar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce, wato ta fi abin da aka yarda ki riƙe a hannu. Buhun taki kuwa kilo 50 ne. Ki ari sikelin masu sayen hatsi ki auna kayanki tun a gida. Abin da ya haura, ko ki biya kuɗi mai tsada, ko ki bar shi a can.

A jakar hannu ki sa abin da ba za ki iya kwana babu shi ba: kayan sawa kala ɗaya, hijabi, waya da caja, da maganinki. Mai hawan jini ko ciwon suga ta ɗauki wanda zai ishe ta duk tafiyar, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kada a juye ƙwayoyi a leda. Fasfo da katin rigakafi da kuɗin guzuri kuwa a ƙaramar jakar wuya, ba sa barin jikinki. Fawa bank ma a hannu yake tafiya, ba a yarda da shi a babbar jaka ba. Almakashin da za ki rage gashi da shi, da reza da wuƙa, su nasu wurin babbar jaka ne. Haka man shafawa da turare idan kwalbar ta wuce mililita 100; in kin bar su a hannu, a bakin bincike za a karɓe.

Tufafi kala huɗu ko biyar marasa nauyi sun isa, ai ana wanki, kuma rana tana busarwa nan da nan. Ana ba alhazai abinci a masauki, saboda haka ba sai kin kwashi rumbu ba. Goro dai haramun ne a shiga da shi Saudiyya. Na san wannan yana yi wa iyayenmu ciwo, amma a haƙura.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi: saƙo. Wata za ta zo da ƙulli ta ce, "Hajiya, don Allah ki kai wa ɗana da ke Makka." Kunya za ta hana ki buɗewa. Kada ki karɓa, ko da kuwa ƙawarki ce ta ƙungiya. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma sunan da ke jikin jaka shi ake kamawa. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba da ta je umara, saboda ƙwayoyin da aka samu a wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Ki haɗa kayanki da hannunki, ki sa kwaɗo, ki ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba ki, su zo daidai da yawan jakunkunanki. Da yake jakunkunan alhazan jiha duk iri ɗaya ne, ki ɗaura ƙyalle mai kala a hannun taki, ki rubuta sunanki da ƙaramar hukumarki.

Dawowa ita ce jarrabawar aljihu. Tun kafin ki tashi ki zauna ki lissafa waɗanda za ki yi wa tsaraba, ki yanke kuɗin, kamar yadda muke yi kafin ɗaukar rance. A ganina dabino kaɗan da abin da babu shi a nan ya wadatar. Darduma da carbi da jallabiya da yawa daga Sin ake kawo su, kuma akwai irinsu a kasuwannin Kano da Sabon Garin Zariya, babu kuɗin awo. Zamzam kada ki ɓoye shi a cikin kaya, na'ura tana gani, za a farke jakar a cire. Lita 5 ɗinki hukuma ce za ta ba ki bayan kin sauka. Kuma akan karɓi babbar jaka kwanaki kafin jirgin dawowa, don haka duk abin da kika saya bayan an auna ta, a cikin kilo 8 ɗin nan zai shiga.