Ka sayi kyanwa ta mutu a hannunka: Ko kotu za ta ƙwato maka kuɗinka?

A Instagram ƙanwata ta ga kyanwar, fara sol mai dogon gashi irin ta Farisa. Ta tura kuɗin da ta shafe watanni tana tarawa, aka kawo mata ita cikin kwali. Washegari kyanwar ta ƙi cin abinci, sai amai da gudawa. Kwana huɗu ta mutu a asibitin dabbobi.

Da ta kira mai kiwon, cewa ya yi lafiya lau ya ba ta, kuma abin da ya bar hannunsa ya bar wuyansa. Daga nan ya daina ɗaga waya.

Mutane da yawa a nan suke haƙura, a ce ƙaddara ce. Wasu kuma kunya ke hana su, kada a ce sun je kotu a kan mage.

Yaushe cutar ta shige ta?

Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan shari'ar. Gwajin likita ya nuna cutar fanlukofeniya ce, wadda ke cinye fararen ƙwayoyin jinin kyanwa, 'yar uwar cutar fabo da ke kashe 'yan kwikwiyo. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar alamunta yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, wani lokaci har 14.

Ke nan dabbar da ta kwanta ciwo kwana ɗaya bayan saye, alamu sun nuna da cutar ta iso. Akwai kuma riga-kafin da ake fara yi tun tana da mako 6 zuwa 8. Mai kiwon ya ce an yi, amma babu katin allura.

Me doka ta tanada?

A idon doka, dabbar da aka sayar haja ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Fiƙihun Malikiyya ma ya san da zaɓin mayar da haja idan aibinta ya riga ciniki kuma ba a bayyana shi ba.

Legas ce ta fara buɗe kotun sauraron ƙananan ƙararraki a 2018, Kano ta biyo baya a farkon 2019, wasu jihohin suka bi sahu. Alƙalan majistare ne ke zama, kuma a lokacin buɗewa an ƙayyade cewa kuɗin da ake nema kada ya wuce Naira miliyan 5. Mutum na iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba.

Matakin farko shi ne a aika wa wanda ake tuhuma takardar neman biya, a ba shi kwana 14. Idan ya yi biris, sai a cike fom a rajistarar kotu, a kai masa sammaci. An tsara a kammala shari'ar cikin kwana 60.

Sai dai kotun tana duba ƙayyadadden kuɗi ne, wanda za a iya lissafawa. Hawayen da aka zubar ba ya cikin lissafi.

Takarda ce shaida

Ƙanwata ta tara shaidar tura kuɗi ta banki, hoton tallan, hirarsu ta WhatsApp inda ya rubuta cewa an yi allura, da rahoton likita mai ɗauke da kwanan wata. Takardar neman biya ba ta motsa shi ba. Sammaci ne ya kawo shi, tare da wani dattijo, suna neman sulhu.

Ya mayar da kuɗin kyanwar da na asibiti. Kuɗin magungunan da ta saya a waje kuwa sun bi ruwa, domin ba ta karɓi rasit ba.

Don haka kafin ka biya, je ka ga inda ake kiwon da idonka, ka ga uwar, ka karɓi katin allura, sannan ka kai dabbar wurin likita a ranar da ka ɗauko ta.

Ƙanwata tana son wata kyanwar, amma likita ya ce ta dakata. Ƙwayar cutar na iya shekara guda a ɗaki tana raye, don haka har yanzu wanke ɗakin take yi da bilic.