Madubin Bindiga: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Duk mai wayar salula yana iya cin karo da bidiyon gasar harbi daga nesa: mutum ya kwanta rub-da-ciki, ya kara ido a madubin da ke bisa bindigarsa, ya sami farantin ƙarfe a tazarar kilomita guda. A gari irin Birnin Lalle na ƙasar Dakoro a Nijar, tsohon mazaunin Gobirawa, inda harbi da farauta gado ne, ba abin mamaki ba ne saurayi ya gani ya fara tambayar wane madubi ya fi kyau kuma jaka nawa ake sayar da shi. Sai dai tambayar ta zo a baibai. Madubi ido kaɗai yake taimaka wa, ba shi da iko a kan harsashi da zarar ya bar bakin bindiga. Abin da ya mai da harbin nesa wasa shi ne fili mai tsaro da doka mai tsauri, kuma su ya kamata a fara nema.

Mu duba abin da gwanayen gasar suke dubawa in za su saya. Ƙarfin jawo abu kusa, wanda 'yan talla suka fi kururutawa, ba shi ne a sahun gaba ba. Suna fara duba tsabtar gilashi, sannan maɓallan gyara saiti, ko kowane juyi yana motsa saitin daidai gwargwadon da aka rubuta, ya kuma koma mazauninsa in an mayar. A ma'aunin da ake kira mil, ɗaya yana daidai da santimita 10 a mita 100, ko mita guda a mita 1,000, don haka ɗan kuskuren da ba a lura da shi a kusa yana zama babba a nesa. Suna duba ko madubin zai jure dukan da bindiga ke yi baya, domin na araha kan rasa saitinsa bayan 'yan harbe-harbe. Suna duba ratar da ke tsakanin ido da gilashi, wadda in ta gaza, madubin kan fasa wa mai harbi gira. A ƙasa mai zafi kuwa, kawalwalniyar bazara na sa abin da ake hange ya yi ta rawa, kuma ƙara ƙarfin madubi ƙara rawar yake yi.

Ko madubin ya cika duk waɗannan sharuɗɗa, aikin bai ƙare ba. Harsashin babbar bindigar gasa yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya kai mita 900, yana faɗuwa ƙasa kimanin mita 10 a hanya, iska matsakaiciya kuma tana iya kauce da shi fiye da mita biyu. Wanda ya san iskar hunturu a kwarin Tarka ya san ba ta da alkawari. In harsashin ya kuskure, yana iya tafiyar kilomita uku zuwa huɗu. Shi kuwa madubi, gwargwadon jawowarsa gwargwadon ƙuntata abin da ido ke gani: wanda ke jawo abu sau 25 ba ya nuna faɗin da ya wuce kamar mita ɗaya da rabi a tazarar mita 100. Yaron da ke kora awaki daga gefe ba ya cikin wannan da'ira sai ya riga ya shiga layin wuta.

Shi ya sa inda wasan ya kafu ba a yin sa a buɗaɗɗen daji. A Bisley ta Ingila, inda ake gasa tun 1890, akwai tudun ƙasa a bayan allunan da ake harbi, da yanki mai faɗi da aka hana kowa shiga, da jajayen tutoci, da alƙalin fili wanda ba a ɗora harsashi sai da umarninsa. Ƙasar Dakoro kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma abin da baƙo zai kira fili babu kowa, ɗan gari ya san gona ce, ko burtali, ko hanyar rijiya, ko zangon Fulani da Buzaye.

Wani zai ce ai madubi ƙara daidaito yake yi, mai gani sosai ba zai harbi mutum ba. Gaskiya ne yana taimaka wa wanda ya riga ya ƙware, amma wanda bai ƙware ba ƙarfin hali yake ƙara masa, ya gwada nisan da da idonsa kawai ba zai taɓa gwadawa ba. Gasar Olamfik ta isa hujja: a harbin bindigar iska na mita 10 da na ƙaramin harsashi na mita 50 an hana madubi mai jawo abu kusa, duk da cewa tsakiyar allon mita 10 ɗigo ne na rabin milimita. Riƙon numfashi da natsuwar yatsa ake gwadawa. Wani kuma zai ce iyayenmu maharba ba su nemi takarda ba. Amma adakarsu da kibiyarsu ba sa wuce inda ido ke kaiwa, kuma ba su rayu a zamanin da 'yan bindiga suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji ba. A yau riƙe bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, dokar farauta ta 1998 kuma ta wajabta lasisi. Dajin Gadabeji da ke arewacin Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955 aka kuma mayar masa da raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018, an haramta farauta a cikinsa baki ɗaya. Jandarma ko ɗan gandun daji da ya ga bindiga mai madubi a hannun farar hula, da wuya ya ɗauke ta kayan wasa.

Saboda haka mai sha'awar wannan wasa ya bi jerin yadda ya dace: izini tukuna, sai fili da hukuma ta amince da shi da malamin da zai koya masa, sai dogon koyo da bindigar iska a gajeriyar tazara, madubi a can ƙarshe. Iyaye da hakimai da shugabannin maharba su ja kunnen yara kada su ɗaura madubin kasuwa a kowace irin bindiga, kada kuma su kalli rana ta cikinsa, domin yana iya ƙona ido cikin ƙiftawa. Wanda buƙatarsa hango dabbobinsa ce daga nesa, madubin hannu mai ido biyu ya ishe shi, ya fi araha, ya fi nuna faɗi, kuma babu ran da zai salwanta ta dalilinsa.