Zunubi, Tuba da Gafara: Muhawarar Kiristoci kan Matakan Zunubi a Harshen Hausa

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin saɓanin da ke tsakanin ɗarikun Kirista game da matakan zunubi, da furta shi, da hanyar samun gafara, tare da duba yadda saɓanin ke bayyana a harshen Hausa a yankin Birnin Kebbi. An nuna cewa ɗarikun suna amfani da kalmomi iri ɗaya, waɗanda Hausa ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci, alhali aƙidun da suke nufi da su sun sha bamban.

1.0 Gabatarwa

Zauro da Birnin Kebbi, a masarautar Gwandu, da Argungu garuruwa ne da Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinsu. Kiristocin yankin tsiraru ne, kuma da yawansu sun fito daga kudancin jihar Kebbi, wato ƙasar Zuru da Yawuri, inda ikilisiyar UMCA take da ƙarfi. Akwai kuma 'yan ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM a 1954, da 'yan Angilikan, da Katolika waɗanda ke ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato da aka kafa a 1964. A majami'u da dama da Hausa ake wa'azi da addu'a. Don haka duk wata muhawarar aƙida da ta taso a tsakaninsu, da kalmomin Hausa ake yin ta.

2.0 Kalmomin muhawarar

Lokacin da cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta fito da Hausa a 1932, a aikin da Dakta Walter Miller ya jagoranta, mafassaran sun tarar da kalmomi a shirye. Zunubi ya fito daga jam'in kalmar Larabci ta saɓon Allah, tuba da gafara ma daga can suke. Hausa tana kuma da laifi, wanda ya haɗa da abin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa ko wa hukuma, da alhaki, wato nauyin cutar da wani.

Waɗannan kalmomi sun zo da tsarinsu. Bahaushe Musulmi ya san rabuwar zunubai zuwa manya da ƙanana, ya san aya ta 31 a Suratun Nisa'i ta yi alkawarin kankare ƙananan ga wanda ya guje wa manyan, ya kuma san tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, sai dai inda akwai haƙƙin wani da za a mayar. Idan Kirista ya ce "babban zunubi", maƙwabcinsa a Zauro da wannan ma'auni zai fahimce shi.

3.0 Tushen saɓanin

Nassosin da Kiristoci suke kafa hujja da su sun kasu biyu. Wasiƙar Yahaya ta fari (5:16-17) ta bambanta zunubin da ke kai wa ga mutuwa da wanda ba ya kaiwa, kuma a Yahaya 19:11 an kwatanta zunubin wani da cewa ya fi na wani girma. A ɗaya ɓangaren, Yakubu 2:10 ya nuna wanda ya karya doka guda ya karya dukkan shari'a, Romawa 6:23 kuma ya ɗora mutuwa a kan zunubi ba tare da rarrabewa ba.

Tambayar ta yi zafi tun ƙarni na uku. A tsanantawar da Sarki Desiyus na Rum ya yi a shekara ta 250, Kiristoci da yawa sun yi hadaya ga gumaka don tsira da rayukansu. Da ƙura ta lafa, Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon sake karɓar su. Sifiriyan, bishop ɗin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya ce a karɓe su bayan doguwar tuba, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye. A wancan zamani a bainar jama'a ake tuba daga manyan zunubai. Furta zunubi a asirce ya yaɗu ne daga baya, ta hannun sufayen Ayalan.

4.0 Matsayin ɗarikun

Katolika sun raba zunubi gida biyu: mai kashe rai, wanda ke yanke mutum daga alherin Allah, da ƙarami, wanda ke raunana dangantakar ba tare da tsinka ta ba. Katikisim ɗinsu na 1992 ya kafa sharuɗɗa uku kafin zunubi ya zama mai kisa: abin ya kasance mai nauyi, mai aikatawa ya san haka sarai, ya kuma yi shi da cikakkiyar yardarsa. Majalisar Lateran ta huɗu, a 1215, ta wajabta furta zunubi ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara, Majalisar Trent kuma a 1551 ta ce a ambaci kowane zunubi mai kisa da mutum ya tuna. Hujjarsu ita ce Yahaya 20:23, inda aka bai wa manzanni ikon yafe zunubai.

Masu gyara na ƙarni na 16 sun ƙi wannan tsari. Martin Luther, a 1517, ya ce rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce. John Calvin ya ce kowane zunubi ya cancanci mutuwa, abin da ke sa a yafe shi jinƙan Allah ne ta wurin bangaskiya. Duk da haka, kuskure ne a ce Furotesta suna ganin zunubai daidai suke ta kowace fuska. Ƙaramin katikisim na Westminster, na 1647, ya yarda wasu zunubai sun fi wasu muni, ya kuma ce kowanensu ya cancanci fushin Allah. Angilikan sun tsaya a tsakiya: ana furta zunubi a jam'i lokacin sujada, an kuma bar ƙofar furtawa a asirce ga mai bukata.

5.0 Furta zunubi da rufin asiri

A nan ne al'adar Bahaushe ta shigo. Rufin asiri da kunya suna cikin abubuwan da ya fi darajantawa, Musulunci ma ya kwaɗaitar da mai zunubi ya suturta kansa. Da wannan ido, zuwa wurin fada a faɗa masa abin da aka aikata yana kama da tona wa kai asiri. Sai dai dokar Katolika ta haramta wa firist bayyana abin da ya ji, ko da a bakin ransa, wanda ya karya ta kuwa hukuncinsa kora daga tarayyar ikilisiya.

A ikilisiyoyin bishara irin su ECWA ba a furta wa fasto zunubi don neman gafara, domin 1 Timoti 2:5 ya ce matsakanci ɗaya ne. Amma suna da horo: wanda zunubinsa ya fito fili, kamar zina ko cin dukiyar ikilisiya, dattawa kan dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wani lokaci, sau da yawa a sanar da jama'a. Ke nan a aikace su ma suna rarrabe zunubai, ma'auninsu shi ne bayyanar abin da kuma abin kunyar da ya jawo. Masu suka daga cikin gida kan ce wannan ya bar girman kai da hassada da zaluncin ɓoye ba hukunci, ya kuma fi faɗa wa mata, tunda ciki ba ya ɓoyuwa.

6.0 Kammalawa

Jumlar "an gafarta masa" tana iya nufin firist ya furta yafiya, ko mutum ya dogara ga alkawarin Allah a zuciyarsa, ko dattawa sun ɗage masa horo. Tuba ma a Hausa tana nufin nadama, tana kuma nufin sauya addini, kamar a kalmar tubabbe. Mai nazarin wa'azi ko waƙoƙin ikilisiya ko fassara a wannan yanki yana bukatar ya tantance ɗarikar mai magana kafin ya fassara waɗannan kalmomi, haka ma masu tsara ƙamus ya kamata su shigar da ma'anonin da Kiristoci Hausawa suke ba su.