Daga Lugu zuwa Maijirgi: wasan da ke jiran rediyo

Mutanen Gangara da Gazawa da Agye ba su buƙatar zuwa nesa neman labarin mulkin zalunci. Yana nan kusa da su, a Maijirgi, gabas da Tasawa, inda kaburburan kaftin Voulet da kaftin Chanoine suke.

A farkon shekarar 1899 waɗannan hafsoshi na Faransa suka taso daga bakin kogin Kwara da nufin isa tabkin Cadi. Duk inda suka ratsa sai wuta da gawa. A Lugu, cikin watan Afrilu, Sarauniya Mangu ta yi musu turjiya. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Da labari ya kai Faris, aka turo kanal Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya shaida wa mutanensa cewa ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa.

Daular ba ta wuce kwana uku ba. Sojojin da ya dogara da bindigoginsu suka juya masa baya. Ranar 16 suka kashe Chanoine. Washegari Voulet ya dawo sansani, mai gadi ya bindige shi. Mutumin da ya ƙona garuruwa bai iya sa soja guda ya buɗe masa hanya ba.

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, da Faransanci. Med Hondo ya mai da shi silma a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Aiki ne nagari, amma manomin Gangara nawa suka karanta Faransanci, nawa suka shiga gidan silma? Abin da ke rataye a kafaɗarsu rediyo ne. Ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta daɗe da nuna cewa wasan kwaikwayo da Hausa yana tara jama'a a gindin akwati.

Labarin Maijirgi ya dace da kunne: kukan dawaki, ganguna, muryar tafinta, raɗe-raɗin sojoji cikin dare. Tsofaffin yankin sun gaji labarin daga kakanninsu, kuma daga bakinsu ya kamata marubucin wasan ya fara ɗauka.