Robar Bakteriya: Me Ya Hana Ta Cin Kasuwa?

Tun 1926 wani masani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano sinadarin PHB a cikin ƙwayoyin bakteriya. Idan ƙwayar ta samu sukari da yawa amma naitirojin ya yi mata ƙaranci, sai ta riƙa tara wannan sinadari saboda lokacin yunwa, kamar manomi da rumbunsa. In aka ciro shi aka narka, roba yake zama, kuma ƙwayoyin da ke cikin ƙasa da ruwa suna cinye shi. Wata ƙwaya mai suna Cupriavidus necator tana iya tara shi har ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinta in an busar da ita. A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauko ƙwayoyin gado uku da ke wannan aiki aka dasa wa wata ƙwayar bakteriya mai suna E. coli, ita ma ta fara tarawa.

Abin da ya sa aka dawo kan maganar a fili yake: leda ta toshe kwalbatoci, ta cika teku, gwamnatoci na kafa dokar hana ta, manyan kamfanoni na neman madadi.

Sai dai kasuwa ta sha kayar da masu yin robar bakteriya. Robar Biopol da kamfanin ICI na Ingila ya ƙera ta koma hannun kamfanin Monsanto, wanda ya daina yin ta a 1998. Kamfanonin ADM da Metabolix sun gina masana'anta mai iya fitar da tan 50,000 a shekara a jihar Iowa ta Amurka, a 2012 ADM ta janye. Kamfanin Danimer, mai yin irin wannan roba, ya karye a 2025. Dalilin bai canja ba. Ƙwayar sai an ciyar da ita sukarin masara ko man tsirrai, abincin da mutane ma ke so. Sai an kashe sauran ƙwayoyi a cikin tankin kiwon ta da tururi. Sai an fasa ta a tace robar. Kowane mataki kuɗi ne da wuta, alhali robar fetur ta fi araha nesa ba kusa ba. A ganina, mai sayar da fiya wata ba zai ninka kuɗin ledarsa don kifin teku ba.

Shi ya sa aikin Jami'ar Tsinghua ta China ya fi jan hankalina. Can suna gyara Halomonas, ƙwayar da ke rayuwa cikin ruwan gishiri, inda yawancin sauran ƙwayoyi ba sa iya zama. Da ita ana iya amfani da ruwan teku, a kuma huta da kuɗin tururi.